Rubutun da Ba Shi da Ƙaya

Na san abin da ake faɗa a kaina a Toranke, na kuma san kun ji, domin ba a ɓoye ake faɗa ba. Wai ni na ɗauki Inna na kai ta Gaya, na nuna mata abin da ya karya mata zuciya, ba ta ƙara kwana arba'in a duniya ba. Rabin maganar gaskiya ce. Shekara da shekaru ina jin ta ban tanka ba, saboda akwai wadda shiruna yake karewa. Bara Allah ya yi wa Binta rasuwa, mijinta ma ya riga ta, don haka yanzu babu gidan da bakina zai rusa. 'Ya'yana, ku karanta a tsanake, musamman ke Rabi 'yar ƙanena, domin maganar babanki ce.

Sabo ƙanena ne, shi ne autan Inna, ni kuwa 'yar fari, wadda ko sunanta ba ta kira. Inna maginiyar tukwane ce. Idan za ta yi wa tukunya baki, sai ta murza yumɓu a tafin hannu ya yi tsawo kamar igiya, abin da ya rage kuma ta jefa wa Sabo don ya bar ta ta yi aiki. Ni na riga shi shiga makaranta, idan na dawo sai in zana masa haruffa a ƙasa, shi kuma ya lanƙwasa yumɓun nan ya fitar da su, ya jera a kan katanga su bushe. Yumɓu ba ya yarda a karya shi a kusurwa, sai dai a lanƙwasa, kuma duk inda ya ƙare bakinsa a dunƙule yake kamar kan taɓarya. Da haka idonsa ya saba. Yana shekara bakwai sanƙarau ya kama shi, ya tashi da ƙyar, ciwon ya bar masa rawa a hannun dama wadda ba ta taɓa barinsa ba. Duk da haka, da ya girma sana'ar rubutun alluna ya kama, ya buɗe ɗan shago a Gaya kusa da tasha.

Sauran masu rubutu na lokacin jarida suke kwaikwayo. Haruffansu suna da ƙananan ƙafafu da ƙahoni, wani wurin kauri, wani wurin siriri, da burushi mai faɗi suke ja. Sabo bai taɓa riƙe irin wannan burushin ba. Kara yake samu ya naɗa masa tsumma a kai ya ɗaure da zare, ya tsoma a fenti. Layinsa kauri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, babu ƙafa, babu jela, kowane harafi cikinsa a buɗe, ƙarshensa a dunƙule. Mutum yana kan babur a guje zai karanta allonsa ba tare da ya rage gudu ba. Masu shayi da masu kemis da masu injin niƙa da makarantun yara duk wurinsa suke zuwa. Sau ɗaya wani magatakardan kotu ya ba shi aiki, da ya zo ya ga allon sai ya mayar masa, ya ce rubutun nan ba ya ba da tsoro, kamar ana gayyatar mutum biki. Sabo ya yi kwana uku yana ba da labarin yana dariya. Ni ma a ajin 'yan ɗaya da nake koyarwa a Gafasa allon haruffansa na rataya, kuma yarana sun fi na kowa saurin kwaikwayo. Inna ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma ko a cikin alluna ɗari za ta nuna na ɗanta.

"Na sauran duk ƙaya ce a jikinsu," in ji ta. "Na Auta ko jariri ka kwantar a kai ba zai yi kuka ba."

Rabi, kina shekara biyu wani direba ya gaya wa babanki cewa can gabas, bakin tafki, masu jiragen ruwa da masu motocin kifi suna neman mai rubutu ruwa a jallo. Ya ce zai yi wata uku. Ya rufe shago, ya rataya ɗan allon da yake ratayawa ko masallaci zai je, wanda ya rubuta SAI NA DAWO a jiki. Saƙo ɗaya muka samu a wata na biyu, daga nan shiru. An je an nema har sau uku, babu wanda ya ce ya ga gawa, babu wanda ya ce ya gan shi da rai. Haka muka yi shekara tara.

Wadda ta sha wahalar shekarun nan mahaifiyarki ce, Binta. Shari'a ta ba ta dama tun tuni ta je gaban alƙali a raba auren, amma 'yar ƙanin Inna ce, a hannunta ta tashi, ba za ta iya tsallake gwaggonta ta ce ɗanta ba zai dawo ba. Tana zaune, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Malam Idi na Gafasa, manomi mai hankali wanda matarsa ta rasu, ya aiko sau biyu. Dattijai suka yi ta yi wa Inna magana har ta gaji, a damina ta tara ta ce to, idan an kai amfanin gona gida Binta ta je. Ranar na ga Binta ta yi kitso, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

Saura kamar wata ɗaya a yanke gero na raka Inna sabon ɗakin shan magani na Gafasa saboda ciwon gwiwa. Rana tsaka ce, gari ya yi tsit, kowa yana gona. Mun kusa ƙofa sai na ji ta saki hannuna. Na juya na gan ta tsaye ta ɗaga kai, bakinta a buɗe.

"Ke," ta ce. "Auta ya zo."

Na bi idonta. Allo ne fari, sabo ful, da shuɗin rubutu. Kauri ɗaya, babu ƙafa, babu jela, ƙarshen kowane layi a dunƙule. Rubutun ƙanena ne, wanda na fi shekara goma ina kallo kowace safiya a bangon ajina. Na shiga na tambayi malamin asibitin wa ya rubuta, ya ce shi bai sani ba, da safe suka zo suka tarar an kafa. Inna ko maganin ba ta tsaya karɓa ba. Ta sa aka kawo mata benci, ta hau da gwiwar nan tata mai ciwo, ta yi ta shafa haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

Daga ranar sai abin ya fara bin mu. Aka kafa irinsa a bakin sabon famfon Toranke. Na gan shi a bayan adaidaita, na gan shi a ƙofar wata Islamiyya a hanyar Ajingi, na gan shi a jikin firjin mai sayar da ruwan sanyi. Duk wanda ka tambaya sai ya ce wani ne ya kawo, ko daga Gaya aka aiko. Kafin wani lokaci mutane sun fara ganinsa. Wata mata ta rantse ta hango wani mai riga duk fenti a bayan tasha, ya juya wa hanya baya, da ta kira shi bai waiwayo ba. Wani ya ce aljanu ne suka riƙe shi suna sa shi aiki. Inna ta janye maganarta. Ta fito da kwanon Sabo, kullum sai an zuba masa tuwo an rufe, da safe a ba kaji. Aka yanke gero, aka yanke dawa, babu wanda ya ƙara ambaton alƙali.

Wata rana aka kawo mana bokitin rabon suna daga maƙwabta, an manna takarda a jiki da sunan jaririn cikin wannan rubutun. Inna ta ajiye shi a tsakar gida inda za ta riƙa gani. Na shigo da hantsi na tarar da Binta ta juya shi yana kallon bango, tana tsugune tana wanki, ta rame har wuyanta ya fito.

"Yaya," ta ce, ba ta ɗago ba, "idan yana raye, me ya sa yake rubuta wa kowa ban da ni?"

Ni da ake kira Malama, ni da nake yi wa mata faɗa a kan camfi, na koma ina sauya hanya don kada in wuce ta bakin famfo. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Abin da ya dawo da ni hayyacina kwali ne da aka kawo makarantarmu na sababbin allunan haruffa, bugun inji, masu sheƙi, da hotunan wasu 'ya'yan itatuwa da yaran Gafasa ba su taɓa gani ba. Na buɗe, sai ga hannun Sabo. Na zauna a kan kujerar yara ina kallo har aka tashi. Daga nan na yagi siririyar takarda na ɗora a kan wani harafi na bi shi da fensir, na matsar da ita kan ɗan'uwansa a wani layin. Suka hau juna daidai, ko gashi ɗaya babu bambanci. Na ɗaga kai na dubi tsohon allon Sabo a bango. Nasa kowane harafi da irin tsayuwarsa, kuma gefen kowane layi yana da 'yar karkarwa, in ka matsa kusa za ka gani.

Ranar Asabar na tafi Gaya na yi ta tambaya har aka kai ni shagon Tasi'u. Na san shi, abokin hamayyar Sabo ne a da, cikin masu rubutun ƙaya. Yanzu ya yi furfura, ya ajiye burushi, ya sayi kwamfuta da wani dogon inji mai fitar da rubutu a kan leda. Da ya gan ni sai ya miƙe tsaye, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Malama, na san za ki zo. Wallahi ba da wata manufa na yi ba. Duk wanda ya shigo sai ya ce a yi masa irin na Sabo, wai shi ne yara da tsofaffi suke iya karantawa. A cikin kwamfutar nan akwai salon rubutu ya fi ɗari. Kwana uku ina bi ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan wannan, sai da na kashe injin na fita waje na sha iska."

"Wa ya yi shi?"

"Wasu ne can ƙasashen waje, waɗanda ko sunan Gaya ba su taɓa ji ba. An ce don kayan yara da asibitoci da wayoyin hannu suke yin irinsa, saboda yana da taushi a ido. Yadda aka yi hannunsu ya zo ɗaya da nasa, Allah kaɗai ya sani."

Na ce zan kawo Inna ta gani da idonta. Ya riƙe baki.

"Don Allah Malama kada ki yi haka. Tsohuwar nan abin da take rayuwa da shi ke nan."

Maigidana, babanku, shi ma haka ya ce da na koma gida. Ya ce in bar tsohuwa da abinta, shekara nawa suka rage mata. Na yi mako biyu ina juya maganar. Idan na dubi Inna, sai in ga ta ƙara kuzari, har ta koma murza yumɓu. Idan na dubi Binta, sai in ga mace mai shekara talatin da 'yan kai tana tsufa a gaban bokiti. Malam Idi ya aiko cewa ba zai iya wuce bazara yana jira ba, yaransa suna bukatar uwa. Ni na yanke shawarar, babu wanda ya sa ni.

Na ce wa Inna na gano inda rubutun yake fitowa. Ban yi mata ƙarya ba, amma na bar ta ta fahimci abin da take so, kuma wannan yana cikin abubuwan da nake neman gafara a kansu. Ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na Salla, ta ƙulle dakuwa a gefen mayafi saboda Sabo yana sonta. A cikin adaidaita tun daga Toranke har Gaya tana gyara ɗaurin ɗankwali. Da muka shiga shagon ta duba dama, ta duba hagu, har bayan ƙofa ta leƙa. Tasi'u ya durƙusa ya gaishe ta.

Na ce ya rubuta sunanta. Ba zan rubuta shi a nan ba, kun san shi, kuma kun san Sabo ya taɓa rubuta mata shi a murfin kwallarta. Tasi'u ya danna, sunan ya fito a fuskar kwamfuta da haruffa masu ƙaya. Ya sake dannawa, a gaban idonmu ƙayoyin suka ɓace, layukan suka dunƙule. Inna ta ja da baya ta kama hannuna. Inji ya yi ƙara ya turo takarda. Ta karɓa, ta kai ta bakin ƙofa inda haske yake, ta sa yatsa ta bi kowane layi a hankali.

"Sake," ta ce.

Ya sake fitar da wata. Ta jera su biyu a kan benci, ta daɗe tana duban wannan tana duban waccan. Tasi'u ya fara bayani, yana cewa inji ne, babu hannun mutum a ciki, ko shi ko ni ko wani ya danna, abin da zai fito ke nan.

"Na ji ka, ɗan nan," in ji ta. Ta sake shafa takardar. "Hannun ya daina rawa."

Ta ci gaba da cewa:

"Tun yana shekara bakwai nake roƙon Allah ya tsayar masa da rawar nan. Ashe ba a nan za a tsayar ba."

Ta kwance dakuwar ta miƙa wa Tasi'u, ta naɗe takardun ta sa a haɓar zane. Muka koma gida. Tana shiga ta ɗauki kwanon Sabo ta wanke da kanta ta kife, sannan ta kira Binta ta ce gobe kawunta ya raka ta wurin alƙali. Har yau ban san ko ta yarda inji ne ba, ko kuwa ta ɗauka saƙo ne aka aiko mata daga inda ba a dawowa. Ba ta kwanta ciwo ba. Abinci kawai ta rage, magana ta rage, ranar kwana talatin da huɗu ta cika bayan sallar azahar. Alƙali ya raba auren, Binta ta yi idda, ta tare a gidan Malam Idi. Wannan shi ne rabin da mutane suka sani, kuma da a nan maganar ta tsaya da na ɗauki zaginsu da sauƙi.

Shekara biyu bayan haka na shiga Gaya ranar kasuwa sayen kayan jarirai, domin cikin Binta ya tsufa. Ina fitowa da ledar a hannu sai na ga wata babbar mota a gefen hanya ana yi mata faci, tana ta warin bandar kifi. A katakon bayanta an yi rubutu da rawayan fenti, dunƙulallun haruffa marasa ƙafa. Na riga na saba, irin rubutun ya cika gari, ban ƙara jin komai ba idan na gani. Amma wannan ba leda ba ce aka manna, fenti ne. SAI NA DAWO. Na ce wa kaina direbobi da yawa suna rubuta haka, amma ƙafata ta kai ni har jikin motar. Harafin da ya fito sau uku, kowanne da irin tsayuwarsa. Gefen layukan yana karkarwa tun daga sama har ƙasa. Na danna farce a fentin, ya lotsa, bai gama ƙeƙashewa ba. A ƙarshen harafin ƙarshe wani ɗan zaren tsumma ya maƙale a ciki.

Direban yana zaune a gindin darbejiya yana cin abinci, bai fi taku goma daga inda nake ba.

"Hajiya, rubutun ne ya burge ki?" ya ce. "Duk inda na tsaya sai an kalla. Wani bawan Allah ne ya yi mini can wajenmu, in kin ga yadda hannunsa yake..."

"A'a," na katse shi. "Inuwa nake nema."

Na dubi ledar da ke hannuna, 'yan riguna da hula da tawul. Na tuna kitson Binta, na tuna kwanon da Inna ta kife. Na ciro zaren nan da farce, na juya na tafi, ban tambayi sunan garin ba, ban dubi lambar motar ba. Ina jin direban yana cewa wani abu a bayana, na ƙara sauri. Bayan kwana tara Binta ta haifi namiji, ni na yi masa wankan farko.

Wataƙila wani ne daban mai rawar hannu. Wataƙila wani ne da ya koya a wurinsa. Na faɗa wa kaina haka sau dubu, kuma duk ranar kasuwa na shekaru da yawa sai na bi ta gindin darbejiyar nan, motar ba ta sake zuwa ba. Auren Binta halal ne, alƙali ne ya raba na farko, kada wani ya ɗaga wa 'ya'yanta hankali da wannan takarda. Laifin, in akwai shi, nawa ne ni kaɗai. Na kai uwata ta ga ɗanta ya mutu, sannan da aka zo gaya mini inda yake na ce inuwa nake nema.

Rabi, kina shekara goma sha uku a ranar, kina gida kina jiran in kawo miki awara. Tambaya ɗaya ce tsakaninki da babanki, ni na ƙi yin ta. Zaren yana cikin kwallar Inna a ƙarƙashin gadona, na naɗe shi a cikin takardun nan biyu na Tasi'u, har yanzu rawayan bai koɗe ba. Ki zo ki ɗauka, naki ne. Abin da kuma za ki faɗa mini, ki faɗa tun ina ji.